Jawabin Yaye Masu Aikin Sa-kai na Kiwon Lafiya

 

Ranka ya daɗe Hakimi, dagatai da masu unguwanni, malamanmu, iyayenmu ungozomomi, ma'aikatan lafiya, da ku 'ya'yana da muka taru dominku, assalamu alaikum.

Dattawan da ke zaune a nan ba su manta da 2003 ba, lokacin da zargi ya sa aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano, ba a koma ba sai 2004. Kafin nan cutar ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Sai da sarakuna da malamai suka sa baki, sannan matan unguwa suka riƙa bi gida-gida, suna sallama, suna zama a tabarma da uwar gida har ta gamsu. Da irin wannan zaman aka kai ga 25 ga Agusta, 2020, ranar da aka tabbatar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Aikin waɗannan mata kuka gada yau.

Kuma aikin bai ƙare ba. Tun ƙarshen 2022 mashaƙo ya dawo, Kano ta fi kowace jiha jin jiki, alhali allurarsa kyauta ce a asibitin sha-ka-tafi, a sati 6 da 10 da 14 da haihuwa. Wannan abin yana ci mini rai. Don haka duk gidan da kuka shiga, ku nemi katin rigakafin yaro ku duba da idonku. In kuka ga yaro da zazzaɓi, wuya ya kumbura, wani abu mai launin toka ya lulluɓe maƙogwaro, kada ku jira gari ya waye. A kai shi asibiti, a ware kofinsa da cokalinsa, ku sanar da jami'in sa ido na ƙaramar hukuma a ranar.

Da damina kuma amai da gudawa ne. Ku dubi idon yaro ko ya faɗa, ku taɓa maɗigarsa, ku tsunkuli fatar cikinsa ku ga ko ta koma da wuri. Kun koyi haɗin ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A fara ba shi tun a gida, a ci gaba a kan hanyar asibiti.

Ina roƙonku kada ku rubuta wa kowa magani, kada ku yi allura, wannan hurumin ma'aikatan asibiti ne. Sirrin gidan da ya buɗe muku ƙofa kuma amana ce, kada a ji shi a bakin rijiya ko wurin biki. Wanda ya kore ku yau, ku koma gobe tare da mai unguwa, ba tare da faɗa ba.

Iyayen ƙasa, ga 'ya'yanku nan, ku tsaya musu. Da wannan nake yaye ku, kowa ya taso in an kira sunansa ya karɓi takardar shaidarsa. Allah Ya yi muku albarka, Ya tsare mu da annoba.