Jawabin Magatakardan Liman a Kan Allura da Zare

Jama'ar Zango, Liman ne ya aiko ni.

A Janairun 2025 gobara ta cinye kasuwar Kantamanto ta nan Ankara, inda ake kasa gwanjon Turai. Ran nan muka gane suturar 'ya'yanmu a hannun wasu take. To, ina allurarmu? An ruwaito daga Nana A'isha cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da hannunsa yake ɗinke tufarsa. Mu kuwa maɓalli ya tsinke, sai wajen tela! Alhali kwarashi guda da ƙullin zare sun isa hular jariri.

Saboda haka ran Alhamis, da yake babu makarantar allo, a turo yara, maza da mata, zauren Liman da hantsi. Wadda ke da keken ɗinki a ajiye, don Allah ta ba mu aro.