A Yi Gayya Tun Da Rani

Wanda ya ga ambaliyar 2020 a ƙasar Bagudo ba zai manta ba. Shinkafa ta nutse a fadama, katangar laka ta jiƙe ta zube, iyalai suka kwana kan tabarmar aro. Kafin agaji ya iso daga Birnin Kebbi, maƙwabci ne ya buɗe zaurensa.

Mutanen Kende, mu riƙe wannan hali. Wanda amfaninsa ya kai nisabi ya fitar da zakka tun a masussuka, buhu ɗaya cikin goma, ko cikin ashirin in da injin ban-ruwa ya noma. A fara da uwar marayun da ɗakinta ya rushe. Samari kuma, don Allah ku yi mata gayyar kwaɓa ƙasa yanzu, kafin hadari ya haɗo.