Kiredit, CGPA da Kariyoba: Kalmomin da Suka Ci Mini Shekara Guda

Yau maganata da ƙannena ce, 'yan lebul wan da suka samu gurbin karatu bana, da kuma iyayen da ke biyan kuɗin rijista. Zan fara da abin da ya faru da ni, don ku gane dalilin da ya sa nake ɗaukar maganar nan da zafi.

Ina aji biyu a jami'a na faɗi wani kwas na zangon farko. Da sakamako ya fito na ga F, sai wani na gaba da mu ya ce, "Kar ka damu, kariyoba ce, baɗi ka sake rubutawa." Ni kuma abin da na fahimta shi ne in shiga ɗakin jarrabawa in rubuta, shi ke nan. Haka na yi. Na yi karatu, na rubuta, na fito ina murna. Ashe kariyoba sai ka sake yi mata rijista a fom ɗinka na shekarar, in ba ka yi ba, kamar ba ka rubuta ba ne. Ban kuma bibiyi sakamakon ba. Sai a zangon ƙarshe na aji huɗu kodinetanmu ya kira ni ofis ya ce, "Kai fa da sauranka." Abokaina suka tafi bautar ƙasa, ni na dawo saboda kwas ɗaya tal. Wannan dawowar ita ake kira sifiloba. Ranar da zan faɗa wa Baba, wallahi sai da na yi kwana uku ina juya maganar a baki.

To, bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko ita ce kiredit, wasu su ce yunit. Kowane kwas yana da nauyinsa: wani kiredit 1, wani 2, wani 3. Asalin lissafin daga yawan awannin lakca a mako ne, amma abin da ya shafe ka shi ne, da wannan lambar ake ninka makinka. A yawancin jami'o'in Najeriya, a tsarin maki biyar, A daga 70 ne zuwa sama kuma tana da maki 5. B daga 60 zuwa 69, maki 4. C daga 50 zuwa 59, maki 3. D daga 45 zuwa 49, maki 2. E daga 40 zuwa 44, maki 1. F kuwa sifili.

Ku saurari misalin nan da kyau. Ɗalibai biyu, kowa ya ɗauki kwas biyu, ɗaya mai kiredit 1, ɗaya mai kiredit 3. Kowannensu ya ci A ɗaya da C ɗaya. Na farko A ɗinsa a ƙaramin kwas take: 5 sau 1, a haɗa da 3 sau 3, ya zama 14. A raba da kiredit 4, ya samu 3.5. Na biyu A ɗinsa a babban kwas take: 5 sau 3, a haɗa da 3 sau 1, ya zama 18. A raba da 4, ya samu 4.5. Kun gani? A ɗaya, C ɗaya, amma tsakaninsu maki guda cur. Don haka in lokacin karatu ya ƙure maka, ka san kwas ɗin da za ka fi ba ƙarfi.

Wannan lissafin na zango ɗaya shi ne GPA. In aka tattara na duk zangunan da ka yi tun daga farko, shi ne CGPA, kuma shi ke yanke darajar digirinka. Daga 4.50 zuwa sama fas kilas ne. Daga 3.50 zuwa 4.49 shi ne tu-wan. Daga 2.40 zuwa 3.49 tu-tu. Daga 1.50 zuwa 2.39 kuma daraja ta uku. A nan ne da yawa suke yaudarar kansu, wai "bari in ɗan huta a lebul wan, zan gyara a gaba." Ɗan'uwa, CGPA ba ta mantuwa. Kullum kiredit ɗin da ake rabawa da shi ƙaruwa yake, don haka a aji huɗu ko ka zuba A zalla, motsin da za ta yi kaɗan ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mu koma kan kariyoba. A jami'o'i da yawa, ko ka sake rubutawa ka ci A, waccan F ɗin tana nan a lissafi. Kwas mai kiredit 3 ya koma kamar mai 6: maki 15 a raba da 6, 2.5 ke nan. Sannan akwai iyakar kiredit da za ka iya ɗauka a zango, galibi 24, kuma kariyoba ake fara sakawa. In sun taru, sai su ture sababbin kwasa-kwasai, su ma su tura ka sifiloba.

Sauran a taƙaice. Kwas na dole, ba ka gamawa sai ka ci shi. Ilektib na zaɓi ne, amma da zarar ka yi masa rijista, ya hau kanka. Akwai kwas mai share fage, wanda sai ka ci shi za a bar ka ka ɗauki na gaba da shi. CA ita ce makin tes da asamen, yawanci 30 ko 40 cikin 100, don haka mai wasa da ita ya shiga jarrabawa da ƙafa ɗaya. Furobeshin kuma gargaɗi ne cewa CGPA ɗinka ta faɗi ƙasa da ƙa'idar makaranta, in ba ta tashi ba, sallama ce ke biyo baya.

Kowace jami'a tana da ɗan bambanci a waɗannan lambobi, kuma duk suna rubuce a littafin jagoran ɗalibai da ake rabawa. Nawa na ajiye shi a ƙasan akwati har na gama. Kai ka buɗe naka a makon nan. Ka san ofishin kodinetanka, duk zango ka je ka duba sakamakonka da idonka, ka adana kwafin fom ɗin rijista. Matambayi ba ya ɓata, amma ka tambayi wanda ya sani.

Mu kwana nan. Wanda ke da ƙani ko ƙanwa a lebul wan, don Allah ya tura masa. Allah Ya ba da sa'a, Ya sa a gama lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.