Baƙo a Illela: Sauke Kayanka, Ka Zauna

Jawabin da wani dattijon ikilisiya ya yi a taron haɗin kai na masu bi

 

An ce in yi magana a kan zaman baƙo a Illela. Idan kuka dubi bencinan majami'unmu, za ku ga yawancinmu ba a nan aka yanke mana cibiya ba. Wani aikin kwastan ne ya kawo shi, wani shige da fice, wani ɗan sanda ne ko soja, wata malamar asibiti ce, wasu 'yan bautar ƙasa ne. Akwai 'yan'uwanmu Ibo masu shagunan magani da kayan gyaran mota, akwai mutanen Zuru, da na Kudancin Kaduna, da na Filato. Yanzu kuma da aka ƙaddamar da aikin babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagiri a shekarar 2024, wadda kanta yake a nan Illela, ga ma'aikata suna ƙaruwa. Abin da ke damuna shi ne, mutum zai yi shekara biyar a garin nan amma akwatinsa yana ɗaure. Bai san sunan mai unguwarsa ba, bai taɓa zuwa jana'izar maƙwabci ba, kullum addu'arsa ita ce Allah ya kawo takardar canjin wurin aiki. Irin wannan zama yana cinye mutum. Mun ga waɗanda kaɗaici ya raba su da sujada, mun ga waɗanda ya kai su ƙetare neman kwalba, har albashi ya ƙare a can iyali suna gida suna jira.

Ku tuna da wasiƙar da annabi Irmiya ya aika wa mutanen da aka kwashe zuwa Babila, a sura 29 ta littafinsa. Wani annabin ƙarya ya riga ya yi alkawarin cewa cikin shekara biyu komai zai wuce. Irmiya kuwa ya nuna musu zaman zai yi tsawo, don haka su yi gini, su yi shuka, su aurar da 'ya'yansu, su kuma roƙa wa garin alheri. Mu ba bayi ba ne, ƙasarmu ce, amma shawarar ta yi daidai da mu.

Bari in fara da gida da ruwa, domin nan baƙo yake fara shan wuya. Kada ka kama haya ta waya. Ka zo ka gani da idonka, ka tafi da wani dattijo wanda ya daɗe a gari. Ka tambayi inda ake samun ruwa kafin ka tambayi kuɗin ɗaki, domin gida mai araha wanda sai ka sayi ruwa kullum wurin 'yan garuwa ba araha ba ne. Ka faɗa wa mai gida tun farko cewa kai Kirista ne. Wani zai ce a'a, ka yi masa godiya ka wuce, ba faɗa. Wanda ya karɓe ka yana sane, shi ne zai tsaya maka ranar da magana ta taso. Bayan ka shiga, cikin makon farko ka sa a kai ka ka gai da mai unguwa. Ba a biyan komai, ɗan goro ya isa, amma daga ranar ka tashi daga "wani baƙo" ka zama mutumin da aka sani.

Zafin nan kuwa ba abin wasa ba ne ga wanda ya taso a Jos ko Kafanchan. Daga Maris zuwa Mayu yakan wuce digiri 40, lokacin ne kuma sanƙarau yake yawo. Kada a cunkushe yara a ɗaki guda a rufe taga. In yaro ya yi zazzaɓi wuyansa ya sandare, a nufi babban asibiti nan take, kada a tsaya kemis, kada kuma a ce sai fasto ya zo tukuna. Fasto zai same ku a can. In abin ya fi ƙarfin nan, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana Sakkwato, tafiyar sama da kilomita 80 ta Gwadabawa da Kware, saboda haka kowane gida ya ajiye ɗan kuɗin mota wanda ba a taɓawa.

Sai harshe. Da yawanmu muna zuwa da Hausar majami'a, muna tsammani mun iya, sai mai kabu-kabu ya ce mana "ina za ka tahi?" ko mai shago ya ce "mi kaka so?" mu tsaya muna kallo. Wannan Sakkwatanci ne, kuma shi ne Hausar gida a nan, tamu ce baƙuwa. Inda muke cewa lafiya, su lahiya suke cewa. Inda muke cewa muka zo, su munka zo. Kada ku yi dariya, kada ku kwaikwaya don ba'a. Ku koya. Gaisuwa kuma ba a gaggauta ta. Wanda ya shiga shago ya ce "ba ni sabulu" ba tare da ya tambayi kwana da gajiya da iyali ba, za a ba shi sabulun, amma an riga an auna shi. 'Yan'uwa maza, gidan mutum ba a faɗa masa kai tsaye. Ka tsaya a ƙofar zaure ka yi sallama, ka aiki yaro. Matanmu su ne suke da izinin shiga ciki, shi ya sa nake cewa Zumuntar Mata ta fi mu sanin garin nan nesa ba kusa ba.

Yanzu ga maganar da na fi so dattawa su saurara. Babbar kasuwar Illela ranar Lahadi take ci. Ran nan ne shanu da raƙuma da tumaki suke shigowa, ran nan ne mutanen ƙauyuka da na Nijar suke cika gari, ran nan ne mai shago yake yin cinikin da zai riƙe shi mako guda. Ran nan ne kuma muke sujada. Ɗan'uwa ya zo sabo, ya ci bashi ya buɗe shago, kuɗin haya na jiransa. Mu kuma mu fara sujada ƙarfe tara, sanarwa kaɗai ta ci minti arba'in, a yi baiko kashi uku, a tashi ƙarfe ɗaya. Mako biyu zai jure. A na uku ba za mu gan shi ba, sai mu ce ya ja da baya. Ni ban yarda duk laifin nasa ba ne. Haka ma'aikacin bakin iyaka, ranar kasuwa ce aikinsa ya fi yawa, ba shi da ikon cewa ba zai fita ba. Ban ce a mai da ranar Ubangiji ranar ciniki ba, kuma na san akwai iyayenmu a nan da suka rufe shagunansu kowace Lahadi shekara da shekaru, Allah bai bar su da yunwa ba. Ina girmama su. Amma wanda bangaskiyarsa ba ta kai nan ba tukuna, gara mu buɗe masa ƙofa da ƙarfe shida na safe, a yi sujada ta awa ɗaya da rabi, da mu rasa shi gaba ɗaya. Da zafin Afrilu ma, tsofaffi za su gode mana.

Game da iyaka, baƙo ya fahimci abu guda: layin nan ƙarami ne a kan zumuncin da ya ratsa. Turawan Ingila da na Faransa ne suka ja shi a farkon ƙarni na 20, bayan Sakkwato ta faɗa hannun Ingila a 1903. Mutanen Illela da na Birnin Ƙonni dangi ne, suna auren juna, suna cin kasuwar juna. Amma kai da ka zo jiya ba ka da kawu a Ƙonni. Jandarma bai san ka ba. Ka riƙe takardunka cikakku, ka kuma yi tambaya kafin ka ƙetare, domin tun da Nijar ta fita daga ƙungiyar ECOWAS a Janairun 2025 bai kamata ka dogara da abin da wani ya gaya maka shekarun baya ba. In ka shiga kasuwarsu, ka san lissafin sefa: dala ɗaya sefa 5 ce, don haka in an ce dala ashirin, sefa 100 ake nufi, jika kuma sefa 1,000. Kada kuma ka karɓi ƙunshin wani ka ƙetare da shi, ko da ya ce maganin tsohuwarsa ne, ko da a majami'a ka san shi.

Cinikin garin nan da iyaka yake numfashi. An rufe ta a Agustan 2019, sai a Disambar 2020 aka buɗe, Illela tana cikin iyakoki huɗu na farko da aka sake. An sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, har zuwa Maris 2024. Waɗanda suke nan sun ga manyan motoci jere a hanya, sun ga shagunan da ba su sake buɗewa ba. Saboda haka wanda ya zo da jari kada ya zuba shi duka a kayan da sai iyaka tana buɗe suke tafiya. A can ƙetaren kuma muna da 'yan'uwa masu bi, su ma 'yan kaɗan ne kamarmu. Asibitin Galmi da mishan ta SIM ta buɗe a 1950 yana gabas da Ƙonni, kuma mutanen yankin nan da yawa, Musulmi da Kirista, sun sha magani a can.

Zan faɗi wata magana mai nauyi. Jihar nan tana cikin jihohin da suka ɗauki shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, kuma babu wanda ya manta da kisan ɗalibar nan Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a Sakkwato, ranar 12 ga Mayun 2022. Kisan nan zalunci ne, babu abin da zai wanke shi. Amma mu iyaye, wajibi ne mu zaunar da duk yaron da ya iso garin nan mu gaya masa gaskiya: Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya, yau kuwa waya ma baki ce. Kada a shiga gardamar addini a zauren WhatsApp na makaranta ko na wurin aiki. Kada a taɓa abin da maƙwabcinka yake ɗaukaka. Wannan ba musun Almasihu ba ne. In an tambaye ka abin da ka gaskata, ka faɗa a fili cikin ladabi, ka tsaya nan.

Kada kuma tsoro ya rufe mana ido har mu kasa ganin alherin da ke kewaye da mu. Wa a cikinmu bai taɓa cin naman layya daga gidan maƙwabci ba? In Kirsimeti ta zo, ka kira maƙwabcinka Musulmi ya yanka maka akuyar, domin in an kai masa shinkafa ya ci da kwanciyar rai. Da azumi kada ka tsaya a bakin titi kana shan ruwan leda a gaban mai ƙishi. In an yi rasuwa, ka je ka zauna a tabarma ka yi ta'aziyya. Ku kuma tuna ba mu kaɗai ne baƙi ba. Akwai waɗanda 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukansu, Musulmi ne, sun rasa gona da dabba, suna kwana inda dare ya same su. In Zumuntar Mata ta tara hatsi, a tuna da su. Saboda wannan matsalar tsaro ne kuma nake roƙon sababbin zuwa su daina tafiyar dare, kada su shiga ƙauyen da ba su sani ba sai da ɗan gari.

Iyaye masu yara, a yawancin makarantun gwamnati na yankin nan da wuya ka sami mai koyar da darasin addinin Kirista. Abin da yaro zai sani na Littafi Mai Tsarki, daga gida da makarantar Lahadi zai same shi. Kada mu bar ajin nan a hannun duk wanda ya ga dama. Mu sa masa malamai na ƙwarai, mu saya musu littattafai.

A Ayyukan Manzanni sura 18, Akila da Biriskila su kansu baƙi ne a Koranti, korarsu aka yi daga Roma ba da daɗewa ba, amma su ne suka sauki Bulus, suka yi sana'ar tanti tare. Don haka kada wanda ya shekara ɗaya a nan ya ce shi ma baƙo ne, ba ruwansa. Mu bar al'adar nan ta sa baƙo ya miƙe a tafa masa, a yi masa waƙar maraba, sannan a watse ba wanda ya san inda zai kwana. Kuma a bar tambayar "kai ɗan wace ɗarika ne?" kafin a ba mutum ruwa. ECWA ne, Katolika ne, Angilika ne, Baftis ne, mu nawa ne duka a garin nan?

Abin da nake roƙon wannan taro ya tsai da kafin mu tashi guda biyu ne. Kowace ikilisiya ta ba da sunan namiji ɗaya da mace ɗaya waɗanda suka daɗe a gari, a haɗa lambobinsu a takarda guda, a aika wa majami'unmu na Sakkwato domin duk wanda aka turo Illela ya san wanda zai kira tun yana tasha. Su ne za su raka shi neman ɗaki, su kai shi wurin mai unguwa. Maganar sujadar ƙarfe shida kuwa na ajiye ta a gaban iyayenmu fastoci, ina roƙo a gwada ta wata uku, daga Maris zuwa Mayu, a ƙirga waɗanda suka zo.