Kusu, ƙurar raminsa da tarin da ba ya jin magani

 

Na daɗe ina gardama da abokan aikina a kan kusu. Daga Madawa har Buza da Keita, ɓarawo kawai muka ɗauke shi: ya ci hatsi a rumbu, ya ɓata albasa a rudu, a kira malamin gona ya kawo guba. Likita kuwa ba ruwansa. Batun zazzaɓin Lassa kun sani, ba zan maimaita ba. Yau a kan funfuna na zo, irin wadda ke zama a jikin ɓeran daji da ƙasar raminsa.

A 1956, a garin Dalat na Biyetnam, masu bincike na Cibiyar Pasteur suka sami wata funfuna a jikin ɓeran gora. Ita ce ake kira Talaromyces marneffei a yau. Aka rubuta, aka rufe littafi. Sai a 1973 aka ba da rahoton mutumin farko da ya kamu da ita ba a ɗakin gwaji ba. Da ƙanjamau ya bazu a ƙarshen shekarun 1980, sai ga ta ta zama ta uku cikin cututtukan da ke kayar da masu ƙanjamau a arewacin Tailan. Alamunta zazzaɓi, rama, tari da ƙuraje a fuska. Wanne cikinku zai ga wannan bai ce tibi ba? Kuma ba sai ɓeran ya ciji mutum ba, shaƙarta ake yi daga ƙasa, ta fi yawa da damina. Shekara 30 tana kwance a jikin ɓera kafin ta cika asibitoci.

A Amurka ma, a busassun yankunan Arizona da Kalifoniya, akwai wata funfuna da ake shaƙa cikin ƙura, an kuma danganta ta da ramukan ɓeraye.

Mu dawo gida. Layukan darbejiyar da aka fara dasawa a kwarin Majiya a 1975, da aikin Keita da ya soma a 1984, sun maido da itace da ciyawa. Noman rani a kwarin Tarka ya sa abinci ba ya yankewa. Alheri ne, amma kusu ma ya sami rabonsa. Ku dubi yaro da rani, ya kwanta rub da ciki a bakin ramin gafiya, yana tono, yana hura hayaƙi, hancinsa cikin ƙura. Ku dubi matar da ke share rumbu kafin kaka, kashin kusu na tashi da tsintsiya.

Za a ce mini zazzaɓin cizon sauro da tamowa sun ishe mu. Yaron da tamowa ta raunana ai shi funfuna ke fara kayarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta fitar da jerin funfuna 19 masu haɗari a 2022.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Namu laifin shi ne ƙin dubawa. Roƙona uku ne, kuma tsofaffi ne. Jami'ar Tawa da cibiyar CERMES ta Yamai su kafa tarko a gundumomin Madawa, Buza da Keita, a duba huhu da hantar abin da aka kama. Duk mai tarin da gwajin tibi bai nuna komai ba, magani kuma bai yi masa aiki ba, a yi masa gwajin funfuna. Malaman gona su koya wa jama'a yayyafa ruwa kafin sharar rumbu, a rufe hanci da rawani ko gyale, a binne mushen kusu.

Na ukun ba ya cin ko dala. A fara da shi kafin kakar bana.