Tsarin Na'urorin Sauti a Ƙananan Majami'u: Abin da Yanayin Tambuwal da Kebbe Ke Buƙata

Aikin na'urar sauti a majami'a shi ne ta kai maganar mai wa'azi da muryar mawaƙa kunnen wanda ke bencin ƙarshe ba tare da kalma ta salwanta a hanya ba. Ƙarfin amo daban, fitar magana daban. Ikilisiyoyi da yawa kan zuba kuɗi a kan ƙarfi, sai a wayi gari ana jin fasto har bakin titi, amma na cikin ɗakin suna tambayar juna wace aya aka ce a buɗe.

A ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe, a kudancin Jihar Sakkwato, Kiristoci tsiraru ne a cikin al'ummar Musulmi, kuma da yawansu sana'a ko aikin gwamnati ne ya kawo su. Saboda haka majami'un ba su da girma: ginin bulo, daɓen siminti, rufin kwano. Tambuwal na kan babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega, kimanin kilomita 100 daga birnin Sakkwato, Kebbe kuwa tana can wajen iyakar jihohin Kebbi da Zamfara. Idan na'ura ta ƙone, gyaranta ya haɗa da kuɗin mota da jiran makonni. Tsarin da ya dace da irin wannan wuri shi ne mai sauƙi, mai jure wuya, wanda mai gyaran rediyo na gari zai iya sa wa hannu.

Ɗakin sujada

Kafin a je kasuwa, ɗakin ake fara dubawa. Siminti, tayil, gilashi da kwano ba sa shan sauti, mayar da shi suke yi. Wallace Sabine na Jami'ar Harvard a Amurka shi ne ya fara auna wannan a shekarun 1890, ya kuma kafa ma'aunin da ake amfani da shi har yau, wato tsawon lokacin da amo kan ɗauka kafin ya ragu da desibel 60. Ɗakin da aka gina don magana yana son wannan lokaci ya tsaya wajen sakan 1. Gwajin ba ya buƙatar na'ura: mutum ya tsaya tsakiyar ɗaki ya tafa hannu sau ɗaya. In amon ya ja har aka ƙirga biyu, ɗakin ne ke da matsala, kuma ƙarin lasifika sai dai ya daɗa dagula ta.

Dalili shi ne wasula na da ƙarfi, baƙaƙe kuwa, irin su s, sh, ts, t da ƙ, raunana ne, alhali su ke rarrabe kalmomi. Idan ɗaki na jan amo, wasalin da ya gabata yakan danne baƙin da ke biye da shi. Hausa ta fi shan wahala a nan, domin tsawon wasali da karin sauti na sauya ma'ana, kuma jan amo yana shafe bambancin dogon wasali da gajere.

Maganin ba shi da tsada sosai. Silin a ƙarƙashin kwano yana rage zafi, yana kuma rage rugugin ruwan sama, wanda a watan Agusta kan tilasta wa mai wa'azi ya dakata. Bangon baya, wanda ke fuskantar mumbari, shi ya fi mayar da magana. Labule mai kauri da aka rataya da tazarar tafin hannu daga bango yana kashe yawancin wannan. Darduma ko tabarma a hanyar tsakiya na taimakawa. Taga buɗaɗɗiya ba ta mayar da komai, jikin mutane da tufafinsu ma suna shan sauti, shi ya sa saitin da aka yi ranar Asabar a ɗaki wayam kan canza ranar Lahadi. Kiret ɗin ƙwai da wasu ke mannawa a bango amfaninsa kaɗan ne, soson katifa kuwa makamashi ne idan gobara ta tashi. Yayin shafe bango da tayil har sama yana da kyan gani, amma a wurin wa'azi asara ce.

Lasifika da makirufo

A fili, duk lokacin da tazara ta ninka, ƙarfin sauti kan ragu da desibel 6. Lasifikar da aka ajiye a ƙasa tana dukan kunnen na gaba, jikinsu kuma ya tare wa na baya. A ɗaga ta sama da kawunan mutane, kamar mita biyu da rabi, a karkato bakinta ya nufi benci na kusa da ƙarshe. Kuma ta kasance gaba da layin makirufo, ta ba mai magana baya. A ɗaki mai tsawo, ƙananan lasifika biyu a tsakiya da murya ƙasa-ƙasa sun fi manya biyu a gaba da aka ƙure. Sai dai sauti na cin kusan mita 350 a sakan ɗaya a iska mai zafi, wutar waya kuwa nan take take isa. Idan tazarar lasifikar gaba da ta tsakiya ta kai mita 15, na baya kan ji magana sau biyu, sai an sa na'urar jinkirtawa.

Kukan nan mai tsinin da ke sa jama'a toshe kunne yana faruwa ne idan makirufo ya ji lasifika, ya mayar mata, ta sake fitarwa da ƙari. Makirufo mai jin gaba kawai, irin Shure SM58 da aka fara ƙerawa a 1966, yana rage haɗarin, kuma yana jure faɗuwa da ƙura. Jabunsa dai sun cika kasuwa, farashi mai arha fiye da kima shi ne alamar farko. A riƙe shi yatsu biyu zuwa huɗu daga baki. Damƙe kansa da tafin hannu, kamar yadda matasan mawaƙa ke yi, yana toshe ramukan bayansa ya mai da shi mai jin ko'ina, nan da nan kuka ya tashi. Kowane makirufo da aka bari a buɗe yana kusantar da kukan, don haka wanda ba a magana da shi a rufe shi. Mara waya yana da daɗin yawo, amma batir kan mutu ana tsakiyar wa'azi; a ajiye mai waya ɗaya a mumbari kullum.

Wurin waƙa ake yawan wuce gona da iri. Idan Zumuntar Mata ta tashi da ganga da tulu da kacau-kacau, kayan kiɗan sun riga sun cika ƙaramin ɗaki, ba sa neman taimako. Mai ba da waƙa ce ke buƙatar makirufo, sai ɗaya ko biyu ga masu amshi. Haka zancen yake ga gangunan zamani da piyano: muryar mawaƙa ake fara saitawa, sannan a shigo da kiɗa a ƙarƙashinta. Maɓallin jan murya da ke jikin mikisa, wanda ke sa kalma ta maimaitu, ɗan kaɗan ya isa a waƙa, a makirufon wa'azi da karatun Littafi Mai Tsarki kuwa a kashe shi ɗungurungum.

Mikisa da amfilifaya

Jar fitila a mikisa ko amfilifaya gargaɗi ce cewa sauti ya fara tsagewa, kuma tsagaggen sauti ne ke ƙona ƙaramar lasifikar da ke fitar da siririn sauti. A rage kaurin murya a layin magana, domin can gurnanin fanka da iskar baki suke. Akwai kuma lissafin da ake yawan mantawa: lasifika biyu masu om 8 idan aka haɗa su baki ɗaya sun koma om 4, huɗu sun koma om 2, abin da amfilifaya da yawa ba sa ɗauka. Wajen kunnawa, amfilifaya ce ta ƙarshe. Wajen kashewa, ita ce ta farko. Doguwar wayar makirufo ta zama mai ƙafa uku, kada kuma a shimfiɗa ta jere da wayar wuta.

Wuta, zafi da ƙura

Kamfanin Kaduna Electric ne ke raba wuta a Sakkwato, Kebbi da Zamfara. A ƙa'ida bolt 230 ya kamata ta zo, amma hawa da saukarta sun fi tsufa kashe na'urori. Sitabilaiza wajibi ce, ko da wutar gwamnati ko da janareta. A tayar da janareta ya daidaita kafin a jona kaya, a cire su kafin a kashe shi, a kuma nisanta shi da tagogi saboda ƙara da hayaƙi. Sola ta dace da yankin ƙwarai, tunda ƙaramin tsari ba ya cin wuta da yawa, da sharaɗin inbatar ta zama mai tsabtar wuta. Mai arha kan cika lasifika da zuuu. Idan makirufo na ɗan jan leɓe, wayar ƙasa ce babu ko ta tsinke, kuma wannan zancen rai ne, a dakatar da amfani har mai gyaran wuta ya zo. Da damina, a zare filogi bayan sujada saboda tsawa.

Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40. Amfilifayar da aka kulle a akwati za ta ɗauke da kanta ko ta ƙone, don haka a bar mata sarari da ƙaramar fanka. Hazon hunturu na shiga maɓallan mikisa ya sa su ƙarƙara. Mayafi bayan an tashi, da busa ƙura lokaci-lokaci, sun wadatar. Ɓera na cin waya, gara na cin akwatin lasifikar da aka jingina da bango, zanzaro kuma kan yi ɗaki a maƙogwaron lasifika mai ƙaho.

Kunne da maƙwabta

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum na iya jure desibel 80 na awa 40 a mako, amma a desibel 90 awa 4 kacal. Ƙananan yara, waɗanda galibi a gaba ake zaunar da su, su ne mafi kusa da lasifika. Manhajar auna ƙara a wayar hannu ba ta cika daidai ba, amma ta isa ta nuna an zarce.

Lasifika mai ƙaho ta dace da taron fili, a cikin ɗaki kuwa tana da kaifi. Ɗora ta a kan rufi tana fuskantar unguwa ba ya ƙara wa masu sujada komai. Tun 2009 akwai dokokin ƙasa na taƙaita ƙara a ƙarƙashin hukumar NESREA, amma a gari irin Tambuwal ko Kebbe sanin ya kamata ya riga doka: a sassauta lokacin kiran salla, a tsare addu'ar kwana a cikin bango huɗu.

Mai kula da na'ura

Mai saiti ya zauna cikin jama'a, wajen kashi biyu cikin uku na tsawon ɗaki, domin ya ji abin da suke ji. Wanda aka ɓoye a gefen bagade lalube yake yi. A manna alama a kowace waya, a ɗauki hoton saitin mikisa a liƙa kusa da ita. Tunda canjin wurin aiki kan ɗauke membobi ba sanarwa, kowace ikilisiya ta horar da aƙalla mutum biyu, ɗayansu mazaunin gari.