Kallon Kitse Ake Wa Rogo: Abin Da Ba A Nuna Maku Game Da Aikin DJ A Ƙasar Waje

Ina gaida masu saurarenmu na Anka da Bagega, na Gummi da Daki Takwas, na Bukkuyum da Nasarawar Burkullu, da duk wanda ke karanta rubutaccen shirin a wanga shafi saboda data ta yi tsada ko sabis ya ƙi.

Yau zan amsa tambayar da aka fi aiko mani da ita. Wasu cikin raha suke yin ta, wasu cikin zargi, wasu kuma, su ne sunka fi damuna, cikin sha'awa: wai da gaske ne ka yi DJ a gidan rawa can ƙasar waje? E, da gaske ne. Na yi karatun digiri a Arewacin Saifurus daga 2018 zuwa 2022, kuma shekara uku daga ciki, daren Juma'a da na Asabar ina tsaye bayan na'urar kiɗa. Ba wa'azi na zo yi ba, ba kuma talla ba. Magana ɗaya ce: abin da kuke gani a sitatus ɗin WhatsApp da TikTok kuna cewa wane ya huta, aikin dare ne, kuma aikin da ba ya riƙe mutum. Kada wani ya sayar da gonar gado a kan hoton da bai wuce daƙiƙa talatin ba.

Bari mu fara da wurin kansa, don yawancin masu cewa za su tahi ba su san ina ne ba. Saifurus tsibiri ne a Tekun Bahar Rum, ya rabu gida biyu tun 1974. Kudancin yana cikin Tarayyar Turai. Arewacin, inda ɗalibanmu ke zuwa, ya ayyana kansa ƙasa a 1983, kuma har yau Turkiyya kaɗai ta amince da shi. To, idan ejan ya ce maka Turai zai kai ka, tambaye shi wane ɓangare. Jirgin da zai sauke ka a filin Ercan sai ya biyo ta Turkiyya. Najeriya ba ta da ofishin jakadanci can, in wata matsala ta taso sai dai a nemi na Ankara. A watan Agusta na 2020 shugabar hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna ƙasashen waje, Abike Dabiri-Erewa, ta fito ta gargaɗi iyaye a kan tura 'ya'yansu can. A 2024 kuma kun ji a jaridu yadda ɗaliban Zamfara da anka tura karatu can sunka shiga halin ƙunci a kan bashin kuɗin makaranta. Wannan shi ne wurin.

Mi ya kai ɗan Zamfara ga DJ? Lissafi. Ku saurara da kyau, don nan ne gaba ɗayan zancen yake. Gida naira suke aiko maka. Makaranta da yuro ko dala take karɓa. Mai gidan haya sau da yawa da fam na Ingila yake yanka maka kuɗi. Kai kuma in ka samu ɗan aiki, da lirar Turkiyya za a biya ka. Kuɗi huɗu a wuyan yaro ɗaya, biyun da ke shigo maka su ne masu faɗuwa, biyun da ake bin ka su ne masu tashi. A farkon 2021 dala ɗaya ba ta kai lira 8 ba, a watan Disamba na shekarar sai da ta haura lira 18. Aikinka bai ragu ba, gajiyarka ba ta ragu ba, amma abin da ke hannunka ya zama rabi. Waɗanda muka baro can sun ga wadda ta fi wannan, don bayan an saki naira a watan Yunin 2023, dalar da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a farkon 2024. Uban da ke sayar da buhun gero ashirin ya biya zango, yanzu sai ya haɗa da sa.

Saboda haka kowa da abin da yake yi. Wani wankin kwanoni a otal, wani leburanci wurin gini, wani tsinkar lemu a gona. Ni ina da kunnen kiɗa tun ina yaro, ina da laftop, na koyi manhajar Virtual DJ a ɗaki. Wani ɗalibi ɗan Kamaru da ke da na'urar haɗa kiɗa ya fara ɗaukata ina riƙe masa awa ta farko, lokacin da wurin bai cika ba. Haka na shiga.

Yanzu ga yadda daren yake. Ka fito aji da yamma, ka ɗan runtsa, ƙarfe goma ka ɗauki jaka. In wasan a Girne ne kai kuma kana zaune Lefkosha, sai ka haye dutse da mota, kuma dawowa da asuba kuɗin tasi daga aljihunka. Ka haɗa wayoyi, ka gwada sifiku. Daga sha ɗaya zuwa huɗu na asuba kana tsaye, abin sauraro a kunne ɗaya, ɗayan kunnen yana cikin ɗaki. Aikin ba danna waƙa ba ne kamar yadda ake zato. Kowace waƙa tana da saurin bugunta. Amapiano na Afirka ta Kudu yakan zauna wajen bugu 110 zuwa 115 a minti, sai ka daidaita mai shigowa da mai fita yadda ƙafar mai rawa ba za ta ji an canja ba. Idonka kuma na kan jama'a: ga 'yan Legas, ga 'yan Zimbabuwe, ga 'yan Kwango, ga Larabawa da Turkawa, kowa na jiran nasa. Ka yi kuskuren waƙa biyu a jere, fili ya watse, mai wurin ya harare ka, mako mai zuwa wani za a kira.

Biyan kuma fa? A hannu, ba takarda, ba shaida. Akwai daren da mai wuri zai ce ciniki bai yi ba, ya ba ka rabi, ka karɓa, don wa za ka kai wa ƙara? Aikin ma na lokaci ne. Farkon zango da daren bikin 1 ga Oktoba ana samu. Lokacin jarrabawa wuri ya bushe. Da korona ta zo a 2020 anka rufe wuraren gaba ɗaya, wanda ya dogara da kiɗa ya koma jiran taimakon abinci. Ga kunne da ke ƙara kamar an saka maka ƙudan zuma, ga ajin ƙarfe tara na safiyar Litinin da kake shiga ido jawur.

Sai mu zo ga 'yan casun, waɗanda ku kuke gani a bidiyo. Daga inda DJ yake tsaye ana ganin abin da kyamara ba ta ɗauka. Teburin nan da ake kawo wa kwalabe da tartsatsin wuta, sau da yawa mutum shida ne sunka yi karo-karo, kowa ya ɗauki hotonsa shi kaɗai kamar shi ya biya. Motar da ke ƙofa ta haya ce ta kwana ɗaya. Agogon na aro ne. Na san wanda ya yi liƙi daren Asabar, ranar Talata ya zo yana tambayata ko ina da ragowar taliya. Akwai kuma masu kuɗin gaske, amma ka tambayi kanka, ɗalibin da ba ya aiki, ubansa ba attajiri ba, ina ya samo? Damfarar intanet da ƙwaya suna yawo a irin wuraren nan, kuma ƙarshensu gidan yari ne da kora. Wasu sun daina zuwa aji, takardar izinin zamansu ta mutu, tara tana hawa kansu, ba su iya dawowa ba su iya ci gaba. A gida kuwa ana nan ana cewa wane yana Turai.

Na san akwai mai jiran in taɓo addini. Ni ba malami ba ne, ba ni ba da fatawa, ga malamanmu nan ku tambaye su. Mu 'yan jihar da ta fara ƙaddamar da Shari'a ne a 1999, kuma Gummi ce mahaifar Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, ba mu da ƙarancin wanda za a tambaya. Abin da zan iya shaida shi ne abin da na gani. Wuri ne da ake sayar da giya, kuma ita ce ainihin cinikin, kiɗan kiran kasuwa ne. Ni ban sha ba, ruwa da lemo nake ajewa gefena, amma duk dare sai an miƙo maka kofi, kuma ba wanda ya san ka balle ka ji kunyarsa. Asuba tana riskarka a hanya. Duk mai ce maka wurin ba ya taɓa zuciyar mutum, bai daɗe a ciki ba.

Akwai wani nauyin da ɗan Legas da ke kiɗa kusa da ni bai ɗauka ba, sai mu. A watan Satumba na 2021 anka katse layukan waya a Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga, anka rufe kasuwannin mako. Makonni ban ji muryar mahaifiyata ba, sai in wani ya yi tafiya zuwa birnin Sakkwato ya kira ya ce kowa lafiya. A farkon Janairun 2022 kuma anka kai hare-haren nan a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, waɗanda duniya duka ta ji labarinsu. A ƙarshen makon nan ina da aiki, kuma kuɗin haya na jirana. Na tahi. Hannu ɗaya kan na'ura, ɗaya yana duba waya ko sunan wani nawa zai fito. Wanda ya ga bidiyon daren nan zai ce yaron nan ba ya da damuwa a duniya. Allah Ya jiƙan waɗanda munka rasa, Ya kawo mana ƙarshen wagga masifa.

Na fahimci abin da ke sa matashinmu son fita. Gona ta gagara zuwa a wurare da yawa. Haƙar zinariya, wadda ta jawo mana gubar dalma a 2010 har yara ɗaruruwa sunka rasu a Bagega da Dareta da Abare da 'Yargalma, ita ce kuma ta koma abin rikici. Gummi ta sha ambaliya a 2024. Wanda ke cikin wanga hali ya buɗe waya ya ga sa'ansa cikin fitilu masu launi, dole ransa ya biya. Ba na ganin laifinsa. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Ga abin da nake roƙo. Kai mai shirin tafiya, kafin a sayar da ko akuya, samo amsar tambaya huɗu a rubuce. Nawa ne kuɗin makaranta na shekarun duka, kuma da wane kuɗi ake biya? Rangwamen da ejan ke kira sikolashif, kashi nawa ya ɗauke, wa zai biya sauran? Nawa ne haya da abinci a wata? In naira ta sake faɗuwa, wa zai riƙe ka? Sannan ka nemi ɗalibin da ke can yanzu, ba wanda ejan ya haɗa ka da shi ba, don wasu ɗaliban ana ba su kamasho a kan duk wanda sunka kawo. In lissafinka ya dogara da cewa in na je zan samu aiki, to ba ka da lissafi.

Iyayenmu kuma, Baba, Inna, don Allah in ɗanku yana waje ku tambaye shi da mi yake ci. Ku tambaya cikin lalama yadda zai iya gaya maku gaskiya. Yaron da ya san in ya ce kuɗi sun ƙare za a ce ya kunyata gida, shi ne ke shiga abin da ya fi DJ muni. Wanda kuma kunka ji yana kiɗa, kada a yi saurin sallama shi. A kira shi a ji yadda aka yi.

Ku kuma masu son sana'ar don kanta, ba sai kun ƙetare teku ba. Ƙasar Zamfara ba baƙuwar kiɗa ba ce, ita ta fitar da Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da Kassu Zurmi. Abin da ya fi amfanata cikin shekarun nan uku ba liƙi ba ne, sanin sauti ne: yadda ake jera sifiku, yadda ake hana makirfo kuka, yadda ake tace murya. Wanga shiri da kuke ji, da wannan ilimin nake haɗa shi. Wurin wa'azi na buƙatarsa, musabaƙa na buƙatarsa, ɗaurin aure da taron siyasa da gidan rediyo duk suna buƙatarsa. Ku duba sau nawa ake taro a garuruwanmu na baya ba su jin abin da ake faɗi. Wannan aiki ne da ake yi da rana, a biya ka da kuɗin da kake cefane da shi, ka kwana gidanku.

Nan za mu dakata. Wanda ke can waje yanzu, ko a Saifurus, ko Dubai, ko Akara, ko Agadas, yana da abin da zai ƙara ko ya gyara mani, ya rubuto a ƙasa ko ya turo saƙon murya, ba za mu faɗi sunansa ba. Wanda kuma ya san gidan da ake shirin sayar da gona don tafiya, ya karanta masu wanga rubutu kafin a kira dillali. Allah Ya tsare mu, Ya ba mu zaman lafiya a Zamfara da Najeriya baki ɗaya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.